Yadda Lailatu Ta Bar Gudu

Lailatu ɗiyar Malam Sha'ibu ce, manomin hatsi da wake a wani ƙauye da ke bayan Birnin Lalle. Tun tana ƙarama ba a san ta da tafiya a hankali ba. In an aike ta rijiya da gudu take zuwa, in awaki sun ɓalle sun nufi gonar mutane ita ake kira, kafin mai gona ya ɗaga murya ta riga ta tare su. Doguwa ce, baƙa, siririya kamar uwarta da ta rasu, kuma a ƙauyensu babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin magana.

Da ta ci jarrabawar shiga lise, wato babbar sakandare, sai aka kawo ta Dakoro wurin ƙanwar ubanta, Gwaggo Rahamatu, mai tuyar ƙosai a bakin tasha. A lise ɗin ne malamin wasanni, Mushe Alhusaini, ya gano ta, Mushe kuwa haka ake kiran malamin boko a can. Dattijo ne da furfura ta fara cin kansa, wanda shi ma ya yi tsere a ƙuruciyarsa. Wata rana ya sa ƴan ajinsu su zagaya fili, ƴan mata suka yi ta zubewa suna kukan ciwon ciki, ita kuwa ta gama ta tsaya gabansa tana tambaya ko an ƙare ke nan. Da kansa ya hau babur ya tafi har ƙauye neman izinin ubanta. Malam Sha'ibu ya yarda, bisa sharaɗin ta riƙa sa dogon wando, ta rufe kanta, kuma kada abin ya taɓa karatu.

Daga nan kullum bayan la'asar tana cikin rairayin bayan lise, Mushe na tsaye da usur a baki. Ba ta da wata dabara sai wadda ya koya mata, ta bari masu gaggawa su ƙona kansu, ita ta ajiye ƙarfinta sai zagayen ƙarshe. Tana son gudun. In ta yi nisa a cikinsa takan manta da lissafi, da hayaƙin kaskon Gwaggo, da kewar gida.

Shekararta ta biyu aka kai su Maradi wasannin makarantun jiha. A dogon tseren ƴan mata ta bar ta biyu a baya da tazara mai yawa. Wurin ƙarasawa ta yi abin da ta saba yi, ta wangale baki, haƙora a waje, jijiyoyin wuya sun miƙe kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ba ta san haka fuskarta take yi ba. Mai gudu ba ya ganin fuskarsa, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Ƙawarta Haula, ƴar ajinsu, ɗiyar wani mai shagon atamfa, tana cikin ƴan rakiya, ita ce ta ɗauki bidiyon da salularta. Ta ɗora shi a intanet ta rubuta a ƙasa: Barewar Dakoro. Kafin motarsu ta dawo gida bidiyon ya riga su isowa. Aka tarbe su a ƙofar lise, wani dillalin shanu, Elhaji Agali, ya ce yarinyar da ta ɗaga sunan garin nan ba za ta zauna ba waya ba, ya aiko mata da sabuwar salula mai babban gilashi. Haula ta buɗe mata shafi, ta koya mata yadda ake duba abin da mutane ke rubutawa.

Makonnin farko sun yi daɗi. Mutane daga Tawa, daga Damagaram, har daga Yamai suna sa mata albarka. Takan zauna gefen Gwaggo tana miƙa ƙosai da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, tana karanta mata addu'o'in baƙi, Gwaggo na cewa amin.

Sai wani da ba ta sani ba, ba ta kuma taɓa sani ba har yau, ya yanko ƙarshen bidiyon, ya rage masa sauri, ya tsayar da shi daidai kan fuskarta, ya ɗora kukan jaki a kai. Wannan ya fi na farko tafiya nesa ba kusa ba. A ƙarƙashinsa aka yi ta rubutu. Wasu na tambaya mace ce ko namiji. Wasu suka ce sillen kara aka ɗaura wa kallabi. Wasu suka ce ɗiya mace mai mutunci ba ta tsalle gaban maza. Zagin duk ya yi mata ciwo, amma wanda ya zauna mata a zuciya ba zagi ba ne. Wata mata ce ta rubuta cikin tausayi, wai Allah sarki, a dubi wuyan yarinyar nan, ko abinci ne ba ta samu a inda take.

Ta nuna wa Mushe Alhusaini. Shi wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, bai san wannan duniyar ba. Ya duba, ya yi tsaki, ya mayar mata.

"Masu rubutun nan ko zagaye guda ba su iyawa," in ji shi. "Ajiye wannan abu ki tahi ki ɗumama jiki."

Ta ajiye, ta yi gudun. Amma da ta koma gida ta ɗauki madubin Gwaggo ta shiga ɗaki, ta wangale baki kamar yadda take a bidiyon, ta daɗe tana kallo. Ta taɓa ƙasusuwan wuyanta, ta juya ta dubi damatsanta. Shekara goma sha takwas tana cikin wannan jikin, ranar ce ta fara ganinsa da idon wasu.

Haula ba muguwa ba ce, abin ya dame ta, tana ganin ita ta jawo. Don ta gyara sai ta nuna mata yadda waya ke gyara hoto. Da ɗan shafawa da yatsa sai kumatu su ciko, fata ta yi haske, wuya ya yi sumul. Suka ɗora hoton. Nan da nan aka fara yabo, ashe haka barewar take da kyau, ashe rana ce ta ɓata ta a Maradi. Lailatu ta ji sanyi, ta ɗora wani, ta sake ɗora wani. Sai dai duk lokacin da ta fita titi takan ji kamar ta ci amanar mutane. Wata rana a ƙofar lise wani saurayi ya ɗaga wayarsa kusa da fuskarta, ya dubi hoton ya dube ta, ya tambayi abokinsa ko yayarta ce a ciki. Suka yi dariya suka wuce.

A bakin Haula ta fara jin labarin maganin ƙiba. Yayyen Haula na sha in biki ya matso. Ranar kasuwa suka je wurin Mamani mai tebur, wanda ke baza magunguna ƙarƙashin laima kusa da ƴan tireda. Bai tambaye ta shekarunta ba, bai tambayi abin da take yi ba. Ya ƙulla mata ƙananan ƙwayoyi farare a leda, da kwalbar wani ruwa mai zaƙi, ya ce mata safe da yamma, ya ce duk matan garin nan da ta gani sun murje daga wurinsa suka samu.

Da aka yi hutun damina ta aika wa ubanta cewa za ta zauna Dakoro saboda darasin hutu. Maganin ya kama ta da wuri. Yunwa ta buɗe mata irin wadda ba ta taɓa sani ba, ta ci tuwo ta ƙara, ta sha fura, ta bi da ƙosan da ya kwana. In ta ci sai barci. Kumatunta suka ciko, fuskar ta zama zagayayya, rigunanta suka fara kama ta. Gwaggo Rahamatu ta yi murna har cikin ranta, don ita ma maganar matar nan ta intanet ta iso kunnenta ta bakin masu sayen ƙosai, ta kuma ji zafinta.

"Yanzu kinka zama mutum," ta ce mata wata safiya tana kallonta. "Da sai ka ce ba ni ba ki tuwo."

Maƙwabta ma suka yaba. Hotunanta suka daina buƙatar gyara mai yawa. Watannin nan su ne kaɗai lokacin da Lailatu ta dubi madubi ba ta ji haushi ba.

Da hutu ya ƙare aka koma lakwal, wato makaranta, shekarar ƙarshe, aka koma fili, a nan ta gane an yi ciniki da ita ba ta sani ba. Cinyoyinta da ta saba jin su kamar igiya sun yi laushi, in ta tsuguna sai ta dafa ƙasa kafin ta tashi. Zagaye biyu sai zuciyarta ta riƙa dukan ƙirjinta har cikin kunne. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Ta tsorata ta daina shan ƙwayoyin, sai jiki ya ɗauki ciwo, jiri da amai suka kwantar da ita, ta kasa ko zuwa aji. Da ta koma sha sai ta miƙe. Daga nan ba ta sake gwada dainawa ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ga kuma wata sabuwar matsala. Tun da ta yi suna, ƴan makaranta kan taru bakin fili in tana atisaye, kowa da waya a sama. Lailatu ta ɗauki alkawari da kanta cewa ba wanda zai sake samun wannan fuskar. Sai ta riƙa gudu baki a rufe, leɓɓa a haɗe, tana jan iska ta hanci, tana lura da yadda kafaɗunta da kallabinta suke. Mushe Alhusaini ya busa usur ya tsayar da ita.

"Buɗe baki ki sha iska. Wa ya koya miki wannan gudun?"

"Suna ɗauka, Mushe."

Ya juya ya kori yaran. Washegari suka koma bayan katanga, wayoyin kawai ake gani sun leƙo. Ya tambaye ta ko tana shan wani abu, ta ce ba ta shan komai. Ya je ya sami Gwaggo Rahamatu a bakin kasko, ya ce ƙibar nan ba ta kwanta masa ba, a kai yarinyar a duba ta. Gwaggo ta ɓata rai, ta ce da tana ramamme an ce ba a ciyar da ita, yanzu ta yi kyau an ce cuta ce, to wanne za ta ji. Ya juya ya koma.

A wannan shekarar a Dakoro aka shirya tseren fidda gwani na makarantun yankin, wanda ya ci shi za a kai Maradi. Mushe ya so ya bar sunanta a waje. Amma shugaban lise ya ce garin duka ita zai fito kallo, masu hannu da shuni sun yi alkawarin riguna da takalma saboda ita. Ita kanta ta roƙe shi, don ta san in ba ta fito ba za a rubuta cewa barewa ta tsorata. Ya sa sunan.

Ranar tseren tun hantsi fili ya cika. An kafa rumfa, Elhaji Agali na zaune a gaba. Gwaggo ta bar kasko ta zo. Da aka kira sunan Lailatu aka yi tafi, wayoyi suka tashi ko'ina, har kan katanga da kan motoci. A gefenta a layi akwai wata ƴar yarinya daga Sabon Maci, Maraya sunanta, ba takalmi a ƙafarta, tana ta satar kallon Lailatu cikin girmamawa.

Aka busa. Lailatu ta manta da dabarar da aka koya mata, ta fita da ƙarfi tun farko don a gan ta a gaba. Zagayen farko tana gaba, baki a rufe, idonta na bin wayoyin da ke bakin igiya. A na biyu ƙafafun suka fara nauyi kamar tana taka laka. Ƙirjinta ya ɗauki zafi. Ta ji takun ƙafa a bayanta, sai ga Maraya ta zo daidai kafaɗarta, baki a wangale, haƙora a waje, jijiyoyin wuya a miƙe. Lailatu ta dube ta da kyau. Ba ta ga muni ba, ba ta ga abin dariya ba, yarinya ce kawai tana gudu da iyakar ƙarfinta. Sai a nan ta saki bakinta ta ja iska, amma iskar ba ta isa inda take buƙata ba. Maraya ta wuce, wata ta wuce, wata ma ta wuce. Wani ciwo ya soke ta a ƙugun dama, ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta kife a rairayi gaban rumfa. Kallabinta ya fita. Ta yunƙura za ta tashi sai amai ya zo.

Mutane suka matso, amma yawancinsu da waya a gaba suka matso. Mushe Alhusaini ya kutsa cikinsu, ya cire rigarsa ta sama ya rufe mata kai da fuska, ya ɗauke ta shi da wani malami zuwa mota.

A asibiti aka auna ta aka tarar jininta ya hau, sukari ma ya hau. Lokotoron, wata likita mai magana a hankali, ta dubi fuskar Lailatu da jajayen layukan da suka tsaga mata ciki da cinyoyi, ta tambaye ta mene ne take sha kuma tun yaushe. Lailatu ta juya kai bango. Haula ce, tana kuka a bakin ƙofa, ta faɗi komai. Lokotoron ta yi musu bayani cewa ƙwayoyin nan maganin wasu cututtuka ne masu tsanani, ba a shan su sai da umarni, suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna cinye naman cinya, wani lokaci har su taɓa ƙashin ƙugu. Ta ce ba a yanke su rana ɗaya, sai a hankali, kuma ƙugun sai an ɗauki hotonsa a Maradi kafin a san abin da ake ciki. Gwaggo Rahamatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Tana kwance a gadon asibitin bidiyon faɗuwar ya fita, daga kusurwa daban-daban. An haɗa shi da na Maradi, na da da na yanzu gefe da gefe. Aka rubuta barewa ta ci ta ƙoshi ta zama tunkiya. Aka rubuta buhun hatsi ya faɗo daga amalanke. Ta ga sunayen wasu da ta tuna su ne suka kira ta sillen kara bara. Akwai masu cewa a ji tsoron Allah a bar yarinya, amma rubutunsu na nutsewa a ƙasa. Haula ta goge duk abin da ta taɓa ɗorawa, ba abin da ya ragu. Lailatu ta karanta komai, ɗaya bayan ɗaya, har Gwaggo ta karɓe wayar ta kulle a akwatinta. Ko bayan haka in wata ta zo duba ta takan ce ta ara mata tata minti ɗaya.

Ba ta koma aji ba, jarrabawar ƙarshe ta wuce ba ta zauna ba. Mamani ya ɗauke teburinsa na ƴan makonni, da ƙura ta lafa ya dawo wurinsa. Malam Sha'ibu ya zo daga ƙauye ɗaukar ɗiyarsa. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya tsakar gida yana kallon yadda take jan ƙafar dama zuwa ƙofa, sannan ya juya wurin ƙanwarsa.

"Da ƙafafunta na kawo miki ita, Rahamatu."

Tun daga ranar nan gaisuwa kawai ke tsakaninsa da Gwaggo, ita ma ta bakin mutane.

A ƙauye kumburin ya sauka sannu a hankali, ya bar ta da sakakkiyar fata da tabon layuka. Hoton asibitin Maradi ya nuna kan ƙashin ƙugun ya lalace, aka ce aiki ne babba, sai Yamai, aka ba ta maganin rage ciwo da sanda. Malam Sha'ibu ya ce in Allah ya kawo damina mai kyau za a duba.

Bayan an gama girbi Mushe Alhusaini ya zo a kan baburinsa. Ya tarar da ita ƙarƙashin rumfa tana ɓarar wake a faifai. Suka gaisa, ya zauna kan turmi. Ya ce ya yi magana da shugaban lise, an yarda ta dawo ta maimaita ajin, ba sai ta shiga fili ba, kanta na da kyau, kada ta bar karatun ya tafi tare da gudun. Ta ci gaba da ɓarar waken, sannan ta ɗago kai.

"Mushe, har yanzu suna nuna bidiyon nan?"

Ya so ya ce a'a, amma bai saba ƙarya ba.

"Wani lokaci. Ba kamar da ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce a bari sai baɗi, in ƙafar ta yi sauƙi. Ya ce to. Ta ɗauki sandarta ta raka shi zuwa inda ya jingine babur, shi kuma ya rage tafiyarsa don kada ya bar ta a baya.

Baɗi ta zo ba ta koma ba. Damina ba ta yi kyau ba, tafiyar Yamai ba ta yiwu ba. Daga baya wata mai ɗinki a Birnin Lalle ta karɓe ta koyo, tana zama a ɗakin ciki tana yin aikin hannu, don keken ƙafa ya fi ƙarfin ƙugunta. In baƙi sun shigo awo takan sauke mayafi ta duƙa kan aikinta har su fita.